Huhun Goron da Aka Cinye Mini a Mai Wurno

Tun da na dawo ban yi ɗinkin kirki ba. Mai kawo yadi ɗaya sai ya haɗo da tambaya goma: wai da gaske ta ƙasa muka bi har Sudan, wai da gaske akwai garin da ake jin Hausa a kowane lungu a bakin kogin Nilu, wai da wane kuɗi na yi tafiyar. Ta ƙarshen nan suka fi so, don duk layin telolinmu an san ni da riƙe hannu. Maƙwabcin shagona har cewa yake naira in ta shiga aljihuna sai ta yi sallama da danginta. Na gaji da ba da labari da allura a baki, shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in yi aikina.

Mafarin abin mahaifina ne, Malam Bube. Yana da yaya mace, Gwaggo Hajo, wadda rabonsa da ita tun yana ɗan shekara huɗu. Iyayensu sun tashi daga wani ƙauye kusa da Wurno za su Makka ta ƙasa. Suka ɗauki Hajo, shi kuwa suka bar shi wurin kakarsa saboda ƙyanda ta kama shi ana gobe tafiya. Guzuri ya ƙare musu a Mai Wurno, garin da mutanenmu suka kafa can Sudan. Suka tsaya noma suka tara, suka je suka yi hajjinsu, a hanyar dawowa guzuri ya sake ƙarewa a wannan garin dai. Aka ce bari a yi damina ɗaya. Daminar nan ce ba ta ƙare ba har suka rasu. Bara wani ɗalibi da ya yi karatu can ya kawo mana lambar wayar ɗan Gwaggo, kuma tun ranar da Baba ya ji muryarta ya daina cin abincin kirki. Wata safiya ya zo shago, ya zauna kan benci, ya ce, "Lawan, ka kai ni."

Inna ba ta hana ba. Sai dai ta kira ni ɗaki ta riƙe mini hannu, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi aure. Ta ce, "Ka kai shi, amma ka dawo mini da shi. Danginsu in sun yi gabas ba sa dawowa." Na ce mata kwana bakwai za mu yi can, kuma kafin a ga watan azumi muna gida.

Kuɗin jirgi na mutum biyu, ko an sayar da shagon da ni a ciki ba zai kai ba. Na sayar da ɗaya daga kekunan ɗinkina biyu, na kwashe adashina, na yi mana takardu. Abin da ya rage zai kai mu, amma ba zai dawo da mu ba. Malam Ɗanjuma, wani tsohon ɗan goro da ya bi hanyar yana saurayi, shi ya ba ni dabara. Ya ce goro can tsada gare shi ƙwarai, in na isa da shi da ransa zan sayar a kasuwar Sinnar ya ninka har ya biya mana mota zuwa gida. Na zuba ragowar kuɗin na sayi goro ƙwarya ashirin, wato dubu biyu, fari da ja, ya ɗaure mini cikin ganye ya yi huhu. Ya ce kada rana ta gan shi, kada iska ta shige shi, in riƙa yayyafa wa buhun ruwa, duk kwana uku in kwance in tsince wanda sankara ta fara ci. Wato kuɗin komawarmu gaba ɗaya yana cikin huhun nan.

Kuɗin tafiya kuwa na raba su uku, na ɗinke su cikin ƙugun wandona da hannuna. Guzuri na ɗauki garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, ganyen shayi da ƙaramar buta. Muka bi Maiduguri, muka bi Gamboru, muka tsallaka Kamaru.

A Kusiri wayona ya fara ci na. Tun a Kano na canji sefa wurin wani ɗan Nijar da ya yi mini sauƙi, ina ta murna na tsere wa 'yan canjin kan iyaka. Na miƙa wa mai shayi, ya juya takardar gaba da baya ya mayar mini. Ashe sefa iri biyu ce, ta Nijar daban, ta Kamaru da Chadi daban. Baba ya ajiye kofin da ya riga ya shanye rabi, ya ce, "To, mai dabara, yanzu fa?" Da naira na biya a kan farashin da har yau in na tuna sai na ji zafi.

A Njamena aka warware mini ita. Na tambayi unguwar Hausawa, aka kai mu wurin wani mahauci Bakatsine mai suna Ilu. Ya sauke mu a zaurensa, ya kuma kai ni wurin direbobin manyan motoci 'yan Nijar da ke shirin komawa gida, suka karɓi sefata suka ba ni ta Chadi kai da kai. Daga nan na kafa wa kaina doka: duk garin da muka sauka ba na tambayar otal, mahauta nake tambaya ko masallacin Hausawa. Ba a taɓa rasa wanda zai ce ga tabarma ba. Ni kuma ba na tashi sai na ɗinke wa mai gida wata riga da ta yage, don ba na son a ce na kwana a banza.

Daga Njamena zuwa Abeshe na biya wa Baba kujerar gaba, ni na hau baya kan kaya a rabin kuɗi, huhu a cinyata, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Ruwan da na saya don in sha, rabinsa goro ya sha. Wata Bashuwa da ke kusa da ni ta yi ta kallona, can ta tambaya da guntuwar Hausarta ko marar lafiya ne a ciki. Da muka tsaya salla Baba ya ce goron nan ya fi shi samun jinya. Na ce masa shi ba a sayar da shi a Sinnar.

A hanyar nan na gano goro kuɗi ne tun kafin a kai shi kasuwa. Shingaye ba su da iyaka, kowane da mai tambayar me ke cikin ƙunshi. Sai in gaishe shi da kyau in ba shi ƙwaya biyu, ya yi murmushi ya ɗaga mana hannu. Ba zan ɓoye ba, waɗanda suka fara laushi nake ware wa wannan aikin a aljihun gaba. A kan iyakar Adare ma haka aka yi: an duba takardunmu tsaf, an buga hatimi, wani dattijon ma'aikaci ya karɓi farin goro guda ya fasa a take, ya ce da Larabci rabonsa da irinsa tun bikin ƙanwarsa.

A Jinena muka fara kwana a abin da suke kira lokanda. Tsakar gida ce mai faɗi an jera gadajen igiya a fili, gado kake biya ba ɗaki ba. Na biya wa Baba ɗaya, na shimfiɗa tabarmata a gefensa. Sai ga mai wurin ya taso yana faɗa. Na ɗauka kuɗin wurin tabarma zai nema, don a tashar garinmu haka za a yi, har na fara shirya masa amsa. Ashe haushi ya ji baƙo zai kwanta a ƙasa a gidansa. Ya jawo gado da kansa, na miƙa kuɗi ya ture hannuna yana cewa, "Ma mumkin, ma mumkin," wato ba zai yiwu ba. Na kwanta ina jin kunyar amsar da na shirya masa.

Kwana uku muka yi cikin bas muna keta Sudan zuwa Ubayyid, kuma a nan na koyi cin ƙasar da arha. Ba sa karyawa da sassafe, shayi kawai ake sha, sai wajen hantsi a ci fatur: dafaffen wake da suke kira ful, an dagargaza shi da man riɗi, ana ɗiba da burodi cikin kwano ɗaya. In ka ci shi da kyau ba ka neman komai sai dare. Ruwa kuwa ba ka saya, tuluna ne a jere a bakin hanya don kowa. Abin da ya fi ba ni mamaki wurin biya ne. A gida in mai shayi ya zo karɓar kuɗi kowa wayarsa yake dubawa. Can kuwa rigima ake kan wa zai biya, ana rantsuwa ana riƙe hannun juna. Wani malamin makaranta da ke kujerar bayanmu ya biya mana sau biyu. Sau na farko na yi gardama da rabin murya, Allah ya sani. Sau na biyu na ga abin ya zama cin zali, sai na kwance ƙuli-ƙuli da yaji na zuba a tsakiya. Suka ci suna hawaye suna ƙarawa, har direba ya aiko a ɗebar masa.

Rana ta goma sha biyu muka wuce Kosti muka shiga Sinnar. A tasha wani dogon mutum cikin farar jallabiya ya tsaya yana duban fuskokin masu sauka. Ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai na Lawali? Ya zol, ashe Kanawa haka kuke, ba tsawo ba ƙiba, sai kaya." Usman ke nan, ɗan Gwaggo, taubashina, mai tuƙa ƙaramar bas da suke kira hafla tsakanin Sinnar da Mai Wurno. Na ce masa tsawon nasa ma asarar yadi ce. Daga nan muka saba.

Gwaggo Hajo tana zaune kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, ƙanƙanuwar tsohuwa, an lulluɓe ta da tobe irin na matan Sudan. Baba ya yi sallama. Ta miƙa hannu ta kamo fuskarsa tana shafawa, ta ce, "Bube, kai na? Wa yab ba ka izinin tsuhwa ban gani ba?" Ya ce, "Yaya." Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan. Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar, kuma ni ma na yi kukan, ba na jin kunyar faɗa. Hausarta irin ta kakannin da na ji a Sakkwato ce, sai dai kowace magana da Larabci a jikinta. Jikokinta kuwa in na yi musu Hausa suna ganewa, amma da Larabci suke amsawa.

To ga inda na yi kuskuren da ɗan Hausa bai kamata ya yi ba. Na duba gidan duka ina neman wuri mai sanyi, ban ga kamar gindin randar da ke ɗakin Gwaggo ba. Na ɗauki huhu na kai har ɗakinta, na ajiye a gabanta, na yayyafa masa ruwa, ban ce komai ba. Niyyata jibi in sa Usman ya kai ni kasuwar Sinnar. Na manta, ko gajiya ta mantar da ni, cewa baƙon da ya zo daga gida ya ɗauki kaya ya dire a ɗakin babba bai ce uffan ba, tsaraba ya kawo.

Washegari da safe Usman ya kai mu maƙabarta, Baba ya yi wa iyayensa addu'a, muka daɗe can. Da muka dawo tun daga bakin lungu nake ganin takalma. Tsakar gida cike take da mutane. Gwaggo na zaune a tsakiya, huhuna a kwance a gabanta, tana ɗiba tana zubawa a faranti ana fita da shi gida-gida. Tana cewa, "Goron gida na, ɗan ƙanena yak kawo muku. Ku kai ma liman, ku kai ma mai unguwa, kada ku mance da gidan su Inno."

Na tsaya cak a bakin ƙofa. Dattawa suka taso suna kama hannuna suna sa mini albarka. Wani makahon tsoho ya shinshina farin goro ya ce ƙamshin hannun ubansa ke nan, ya fashe da kuka. Da wane baki zan ce a mayar, na sayarwa ne? Na dubi Baba, ya matso ya ce a hankali, "Kada ka buɗe baki." Kafin la'asar, goron da na yi kwana goma sha biyu ina hana kaina ruwa dominsa bai rage ba sai ganye.

Na yi fushi, ba zan yi ƙarya ba. Kwana biyu abinci ba ya wuce mini. Abin da ke ƙugun wandona ko Jinena ba zai mayar da mu ba. Usman ya lura, ya ja ni bayan motarsa, na gaya masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ga ba wasa nake ba. Ya ce, "Kwayyis, ba komi. Ran Juma'a in hwaɗa ma liman, a tara muku gurush, ko na jirgi kuka so."

Na ce, "Ni ban zo Sudan bara ba. Jiya ana sa mini albarka, gobe a yi mini karo-karo?"

"To zamna. Ga gona, ga ruwa. Damina guda ka tara." Ya kanne mini ido. "Kakanmu ma haka yac ce."

Wasa yake, amma maganar ta shige ni. Don Baba ya riga ya miƙe ƙafa. Kullum yana gefen Gwaggo suna shan gahawa da citta, tana ba shi labarin uwarsu, yadda take dariya, abin da ta ce da za ta rasu. Hausarsa ta Kano ma ta fara zubewa, ta ƙuruciya na dawowa. Kwana bakwai suka cika bai tambaye ni yaushe za mu tafi ba. Na kira Inna na ce mata an ɗan sami jinkiri, sai bayan salla. Ta ce, "Haka aka aiko wa kakar babanka." Ta kashe wayar. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Mafita a jikina take ban sani ba. Na lura duk dattijon da ya gaishe ni sai ya taɓa wuyan kaftanina ya duba aikin. Su jallabiya suke sawa, fara fat, ba ado. Wani ya ce mini ubansa ya zo da riga mai irin wannan wuyan, a cikinta ya yi bikin salla uku kafin ta mutu. Na tambayi Usman ko akwai keken ɗinki a unguwar. Aka samo wani tsohon keke na ƙafa a gidan wata gwauruwa wadda marigayi mijinta tela ne, ya yi shekaru a rufe. Muka yi da ita zan ɗinka wa jikokinta kayan salla a madadin haya. Na wanke shi da kananzir, na sa masa mai, na canza masa bel da igiyar fata, na kafa shi ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya kusa da kasuwa.

Na farko na ɗinka wa liman, kyauta, kuma wannan kyautar da lissafi na yi ta. Ranar Juma'a ya hau mumbari da kaftani yankan Kano, wuyansa da aikin hannu. Ranar Asabar mutum shida na tarar suna jirana da yadi a hammata. Aka ga wata, azumi ya kama, kuma kowane tela ya san watan nan ne shekararsa. Ina fara ɗinki bayan asuba, ba na tashi sai salla. Daga garin Abu Hujar aka riƙa aiko da yadi ta hannun direbobi, wani ɗan kasuwa daga Damazin ya ba da biyar a tashi ɗaya. Ban tsawwala kuɗi ba, amma ban yi ragi ba ko ga surukin Usman.

Zaren aiki mai kyau sai birnin Madani, don haka sau biyu na je. A dawowata ta farko, ana dab da shan ruwa, sai na ga mutane sun tare titi, sun miƙa rawani daga wannan gefe zuwa wancan. Na dafe ƙugun wandona, na ce shi ke nan. Direba ya tsaya yana dariya. Ashe al'adar ƙauyukan yankin Jazira ce: ba a yarda matafiyi ya wuce su da azumi a baki ba. Suka sauke mu kaf, har da masu gardama, suka zaunar da mu kan tabarmi a bakin hanya. Kowane gida ya fito da tirensa, ga asida, ga kisra, ga dabino, ga wani jan abin sha mai tsami-tsami da zaƙi. Wani dattijo ya tsaya kaina sai da ya ga na ƙoshi. Ba wanda ya tambayi sunana. Tafiyata ta biyu da gangan na daidaita ta da faɗuwar rana, wannan kam na amsa laifina.

Ana saura kwana uku salla na ɗinke kuɗin komawarmu cikin wandona, cif, har da na kujerar gaba ga Baba tun daga Sinnar zuwa Kano. Ban ci bashin kowa ba, ban roƙi kowa ba. Ranar idi na tsaya a bayan sahu ina kallon wuyan riguna, aikina ne nan da can cikin fararen jallabiyoyi. Na ji kaina ya yi girma, kuma ina ganin na cancanta.

Da na gaya wa Baba jibi za mu tafi, ya kalli ƙasa ya ce to. Kwananmu hamsin da uku a garin.

Safiyar tafiya, Usman na ɗaure kaya a mota, Gwaggo ta aiko a kira ni ɗakinta ni kaɗai. Ta ce in zauna kusa.

"Lawali, shekara nawa kaka zato na yi ina saida goro kasuwar Sinnar?"

Na ce ban san ta taɓa sayarwa ba.

"Ashirin. Da shi nir rena su Usman. Kana ganin ban san ɗaurin huhun kasuwa ba? Tun da kad dire shi na san gurush ɗin komawarku na."

Na sunkuyar da kai.

"Kwana bakwai kac ce. Shekara sittin da 'yan kai ina jiran yaron ga, ka ba ni kwana bakwai? Na duba ban da igiyar da zan ɗaure shi sai wagga. Na san zalunci na, na yi." Ta share ido da bakin tobe. "Sai nig ga ka kahwa keke, nic ce to, wanga ba ya zama. Babanmu hauya kaɗai yas sani. Tahi da shi, matatai na jira nai, na san zahin jira. Amma ka yahe mani. Kuma Bube bai san komi ba, kada ka hwaɗa mai."

Na nemi fushin da na yi kusan wata biyu ina ajiya, ban same shi ba. Na ce, "Gwaggo, na yafe duniya da lahira." Ta dafa kaina ta daɗe tana addu'a, rabi Hausa rabi Larabci.

Ba ta raka mu tasha ba, ƙafa ba ta kai. A bakin ƙofa suka rabu. Ta gyara masa hula kamar yaro, ta ce ya riƙa cin abinci. Ya ce, "To, Yaya." Bai waiwaya ba sai da muka sha kwana.

Mun wuce Sinnar, mun kama hanyar Kosti. Ina zaune bayansa ina kallon ƙeyarsa. Can ya juyo, ya yi ƙasa da murya kamar wani zai ji.

"Lawan, maganar goron nan. Kada ka riƙe gwaggonka a rai, ita ba ta san na sayarwa ba ne. Ni na ce mata tsaraba ce, ta raba. Ni na cuce ka." Ya kamo hannuna. "Kada ka gaya mata na faɗa maka."

Na dube shi, tsoho mai furfura, yana kare yayarsa da ƙarya kamar yadda ta kare shi da safe. Ban san wanda ya fara kawo shawarar a cikinsu ba, kuma ban tambaya ba. Na ce, "To, Baba, ba zan gaya mata ba." Ya gyaɗa kai, ya juya ya gyara zama a kujerarsa, muka ci gaba da yin yamma.